In Babu Ke, Wa Zai Ɗebo Masa Ruwa?

 Karatunmu na yau a kan wani mutum ne da kuka sani. In ba a gidanku yake ba, yana gidan maƙwabta. Shi ne saurayin nan makaho da ke wuni a zaure. Ita ce budurwar nan gurguwa da ba ta taɓa ganin kasuwar Damana da idonta ba. Shi ne kurman nan da kowa ke aika, amma ba wanda ya taɓa tambayar shi mi yake so.

Ba su da kaɗan. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu 715,497 a Nijar, wato wajen mutum 4 cikin kowane 100. Hukumar lafiya ta duniya kuwa ta ce in aka haɗa kowace irin naƙasa, babba da ƙarama, abin ya kai mutum 1 cikin 6 a duniya. Saboda haka a nan Tondikandiya, da Kurfai, da Imanan, da Tagazar, babu garin da ba su. Gidan Bazabarme, gidan Bakurfaye, gidan Buzu, rugar Bafillace, duk ɗaya.

To, ke uwa, da ke zan fara. Ɗanki ya kai shekara 18. Ke kike ɗebo masa ruwan wanka. Ke kike wanke masa riga. Ke kike dama fura ki sa masa ludayi a hannu. In ya tashi zai fita ki ce: "Zauna, kar ka faɗi." Kowa na yaba miki, kuma kin cancanci yabo. Amma ki amsa wannan tambaya a zuciyarki: ranar da gwiwarki ta gaza, ko ranar da ta Allah ta kasance, wa zai ɗebo masa ruwa?

Ƴan'uwansa? Maza sun tafi bida, wani Kwatano, wani Lagos, wani Akara. Mata sun yi aure. Matar wa za ta yi wata ɗaya, ta yi biyu, sannan ta fara ƙunƙuni, don ita ma da nata ɗiyan. Daga nan sai a nemo ƙaramin yaro a ba shi bakin sanda, a ce su tafi Baleyara ranar Lahadi su yi bara. An yi asara biyu ke nan: babba bai koyi sana'a ba, ƙaramin kuma ya bar lakwal.

Ba sadaka muke zagi ba. Sadaka alheri ce. Amma sadaka abincin yini ɗaya ce, shi kuwa saurayin nan wataƙila shekara 50 ke gabansa.

Daga ina dubarar ta fito?

A ƙasar Amurka an yi wani mutum mai suna Ed Roberts. Shan inna ta kama shi a 1953, yana da shekara 14. Daga wuya zuwa ƙasa kusan komi ya mutu, har numfashi sai da taimakon wata babbar na'ura da yake kwana a ciki. Duk da haka ya shiga jami'ar garin Berkeley a 1962. A 1972 naƙasassun garin suka buɗe wata cibiya tasu ta kansu, inda naƙasasshe ke koya wa naƙasasshe ƙaƙa ake neman ɗaki, ƙaƙa ake gyaran keke, ƙaƙa ake neman aiki. Daga baya Ed Roberts ya shugabanci cibiyar. Abin dariya, ma'aikatar jiharsu da ta taɓa cewa ba zai iya aikin komi ba, ita ce aka naɗa shi shugabanta.

Ka lura da abu guda. Har ya mutu, mutumin nan ba ya iya sa riga da kansa. Ashe zaman kai ba ya nufin ka yi komi kai kaɗai. Wa ke yin komi shi kaɗai? Kai mai ido da ƙafa, kai kake ƙera hauyarka? Zaman kai shi ne mutum ya yi abin da zai iya, wanda ba zai iya ba ya san wanda zai nema, kuma shawarar rayuwarsa ta zama a hannunsa.

Nijar ma ba a bar ta a baya ba wajen takarda. Dokar ranar 2 ga Maris 1993 ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin 100 na gurabenta don naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 19 ke maganar ƴancin zaman kai cikin jama'a. A watan Disamba 2019 aka sake yin wata doka. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman, da makarantar kurame ta Hasan Bana Ba, da tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu da ake kira FNPH.

Duk wannan da kyau. Amma daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Kuma a ƙauyenku ina ma'aikata mai mutum 20? Ga rashin tsaro da ya rufe makarantu da yawa a jihar Tilaberi cikin ƴan shekarun nan. Ko yaron da ya yi sa'a ya je Yamai, ranar da karatu ya ƙare gida zai komo. Shi ya sa masana suka ce mafi yawan koyon nan a gida za a yi shi, da kayan gida, da mutanen gida. Malaman su ne ku.

A fara da jiki da ɗaki

Kar a fara da sana'a. A fara da buta. Wanda bai iya kai kansa bayan gida ba, ba zai iya zaman kasuwa ba.

In makaho ne, a ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa makewayi, ya riƙa bin ta har ƙafarsa ta haddace hanya. Bayan kwana kaɗan za a kwance igiyar. A ba kowane kaya wurinsa: buta nan, sabulu nan, takalmi nan. Mutanen gida su daina matsar masa da kaya. Wanda ya bar turmi ko galma a tsakiyar hanya, shi ya ka da shi, ba makanta ba. In zai zuba ruwa a kofi, ya sa ɗan yatsa a bakin kofin daga ciki. Ruwa na taɓa yatsa ya tsaya. Girki ma ana koyo. A fara da abin da babu wuta: gyaran wake, daka, dama fura. Wuta daga baya, a murhu mai ƙarfi wanda tukunya ba ta rawa a kai, mai koyarwa na kusa.

In gurgu ne, a dubi gidan da kansa. Sau da yawa gidan ne ke da gyara. Dokin ƙofa ya yi tsawo? A rage shi, a yi gangara da laka. Ƙofa ta yi ƙunci, keke ba ya shiga? A faɗaɗa. A fasa tsakiyar wata tsohuwar kujera a ɗora a bakin shadda. Mai rarrafe a sassaƙa masa takalman hannu na icce, don kar ya taka ƙazanta da hannun da zai ci tuwo. Randa da igiyar shanya a sauko da su daidai hannunsa. Mai sandunan hammata kuwa, a bar tazarar yatsa uku tsakanin kan sanda da hammata, nauyin jiki ya sauka a tafin hannu. In ya riƙa rataya a hammata, jijiyar hannu na iya mutuwa.

Akwai wani abu mai kisa da mutane ba su sani ba. Wanda ƙugunsa ba ya jin zafi, in ya daɗe zaune wuri guda, fata na mutuwa, gyambo ya fito. Sai ya saba da ɗaga jikinsa da hannu, ko karkata gefe, a kalla sau biyu cikin awa guda. Kowane dare a duba fatar. In an ga wurin da launinsa ya sake, ko ya yi tauri, ko ya yi zafi, kar ya sake zama a kansa sai ya warke. In ya fashe, a tafi likita.

Mai raunin fahimta, wanda ba ya kama abu da sauri, shi kuma a yanka masa aiki gunduwa-gunduwa. Ga wata dubara: fara koya masa daga ƙarshe. In wankin riga ne, ke ki jiƙa, ki cuɗa, ki ɗauraye, shi ya shanya. Ya ga aiki ya ƙare a hannunsa, ya ji daɗi. Mako mai zuwa ya ɗauraye ya shanya. Haka har ya kai farko. Abu ɗaya, hanya ɗaya, kullum. Ban da tsawa.

Zai zubar da ruwa. Zai ƙona tuwo. Zai yi tuntuɓe. Ke ma ranar da kika fara tuƙi, gudaji nawa aka tsinta?

Fita waje

Nan ne iyaye suka fi tsoro, nan ne kuma riba ta fi yawa.

Sandar makaho ba ta dogarawa ba ce, ta bincike ce. A samo marar nauyi, tsawonta daga ƙasa zuwa ƙirji. Ya riƙe ta a tsakiyar jiki, manuniya a miƙe a jikin sandar. Ya riƙa kaɗa bakinta dama da hagu, faɗin kafaɗunsa da ɗan ƙari. In ƙafar hagu ta yi gaba, sanda na taɓa dama. In ta dama ta yi gaba, sanda na hagu. Ka ga ke nan sanda na duba wurin da ƙafa za ta sauka kafin ta sauka. A fenta ta fari in da hali, don masu moto da mota su gane.

Sauran aikin na kunne ne da hanci da tafin ƙafa. Ƙarar injin niƙa na nan, kiran salla na fitowa can, ƙamshin tuyar ƙosai a kwana, nan rairayi ya ƙare tsakuwa ta fara. Rana a kuncin dama da safe, arewa ya dosa. A fara da hanya ɗaya, daga gida zuwa masallaci. Ranar farko ka tafi tare da shi. Ranar biyar ka bi shi a baya, bakinka a rufe. Ranar da ya je ya komo shi kaɗai, a ƙara ta biyu. Rijiyoyin da ba su da baki kuwa, a nuna masa su tun farko, gari kuma ya yi musu baki, don ba makaho kaɗai suke ci ba.

In za ka yi masa jagora, kar ka ja shi kamar akuya. Shi zai kama hannunka sama da gwiwar hannu, kana gaba da rabin taki. In ka zo wurinsa ka faɗi sunanka. In za ka tashi ka ce ka tashi, kar ka bar shi yana magana da iska.

Kurma ya riƙa tafiya a gefen da yake fuskantar motoci, tunda ba ya jin oda. In kana masa magana ka fuskance shi, cikin haske, kar ka yi ihu. Maganar hannu harshe ce cikakkiya. A gida kar a bar mutum ɗaya kaɗai ya iya ta. Kuma kai da ke wannan aji, kana da abin ba shi wanda ya fi kuɗi: baƙaƙen nan da kake koyo. Kurman da ya iya rubuta sunansa, da sunan garinsu, da lamba, da "nawa ne?", ya iya shiga mota shi kaɗai, ya iya aika saƙo ta salula. Makafi ma suna da nasu rubutun, na ɗigo shida masu tudu da ake shafawa da yatsa. Wani Bafaranshe makaho, Louis Braille, ya fito da shi a littafi a 1829.

Mai farfaɗiya ba ya shafa wa kowa, ko ta miyau. Yana iya noma da ciniki. Abin da zai kiyaye: bakin wuta, bakin rijiya da hawan icce shi kaɗai. Ya sha magani kullum yadda likita ta ce. In ta tashi, a kwantar da shi a gefe, kar a sa masa komi a baki.

Kuɗi da takardu

Wanda bai san kuɗi ba, a hannun mutane yake. Makaho na gane dala, dala biyar, dala goma, dala ashirin da dala ɗari ta girma da nauyi da bakin ƙarfen. Takardu kuwa ya naɗe kowace iri da irin naɗinta: jika a ninka biyu, jika biyu a ninka huɗu, jika biyar a aljihu dabam. A aike shi sayen gishiri, ya kawo canji, a ƙidaya tare.

Sannan takardar haihuwa. Gidaje da yawa sun yi wa duk yara, sun tsallake naƙasasshen, wai ina za shi? To babu ita babu katin ɗan ƙasa, babu jarrabawa, babu shiga jerin masu samun tallafi. In lokaci ya wuce, ana yin ta ta hanyar shari'a. A tambaya a ma'aikatar komin, a Damana ko Filinge. A tafi da shi, ya yi magana da bakinsa.

Sana'a

Da, in an ce sana'ar makaho sai tufkar igiya, gurgu kuma sai ɗinki ko dukanci. Ba laifi, har yanzu suna ci da mutum, ga kaba a dallol. Amma kar a zaɓa masa. A tambaye shi. Akwai cajin salula da faifan hasken rana, akwai gyaran moto da faci, akwai tebur, akwai saƙar tabarma, akwai kiwon kaji. A Kano, waɗanda shan inna ta gurgunta sun kafa ƙungiya suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Wa ya fi su sanin inda keke ke ciwo?

Mu nan Allah ya ba mu abu biyu. Na farko Dallol Boso, inda ruwa ke kusa. Dubi dankalin turawan da Bankuku ke fitarwa da rani. A Nijar an gwada ba naƙasasshe da iyalinsa ƙaramin lambu mai shinge da rijiya, da taimakon wata ƙungiya mai suna CBM. Makaho na bin igiya mai ƙulli yana shuka a layi, tazara daidai, wani lokaci ya fi mai ido. Yatsunsa na bambanta albasa da haki. Abin da ya fi kayan miya ma shi ne wannan: maƙwabta na zuwa ɗibar ruwa a rijiyarsa. Wanda jiya ake ba, yau shi ke bayarwa.

Na biyu dabba. Ƙasar da ke da Tukunus da shanun Azawak ba a koya mata kiwo. Turka ba ta son gudu, tana son kula. Mu yi lissafi, misali ne kawai. An sayi rago jika 40. Dusa, harawa da magani sun ci jika 15. An sayar da shi gab da Layya jika 75. Riba nawa? Jika 20. To kuɗin nan a hannun wa za su shiga? In uba ya karɓe duka ya ce "ai ni ke ciyar da kai," an koya wa yaro cewa wahalarsa banza ce. Ya ba da nasa kason na cefanen gida kamar kowane baligi, sauran ya maida jari.

Jari fa? Asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, ya bazu ko'ina. Ku mata, in akwai shi a garinku, ku duba: akwai gurguwa ko makauniya a cikinku? In babu, domi? In wurin taron ne ya yi mata nisa, ku kai taron gidansu.

Ɗiya mace

Nata nauyin biyu ne. An fi ɓoye ta, kuma mugaye sun fi hararta, don sun san ba ta iya gudu, ko ba ta iya faɗi, ko in ta faɗi ba a yarda. Uwa ko inna ta zaunar da ita ta koya mata tsabtar al'ada da lissafin kwanakinta. Ta koya mata cewa jikinta nata ne, tana da ikon cewa a'a, ko ga ɗan gida. Kurma a yi mata alamar hannu ta wannan magana. In ta kawo ƙara, a saurare ta. Maganar aure in ta taso a tambaye ta, kar a ba da ita kamar ana sauke kaya. Gadonta kuma, nata ne cif. Naƙasa ba ta rage rabon kowa, mace ko namiji.

Wani abu a gefe, tunda muna maganar. Da yawa daga cikin guragu da kuramen da ke da shekara 30 zuwa sama, shan inna da sanƙarau da ƙyanda suka bar su haka. A watan Satumba 2010, a gundumar Filinge aka fara yin sabuwar allurar sanƙarau a Nijar. A 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji, amma ana ci gaba da ɗiga wa yara magani don kar ciwon ya komo. Jaririn da aka haifa da tanƙwararriyar ƙafa kuwa ana miƙe ta in an kai shi da wuri. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana wannan aiki. Kar a tsaya ana cewa aikin iska ne.

Aikin gida

Ranar 31 ga Yuli ita ce ranar naƙasassu ta ƙasa a Nijar, ta duniya kuma 3 ga Disamba. Ba sai kun jira su ba. Kafin zama mai zuwa, kowa ya je wurin naƙasasshe ɗaya, saurayi ko budurwa. Kar ka tambayi uwarsa, shi za ka tambaya: "Wane abu ɗaya kake so ka iya yi da kanka?" Rubuta amsar a kayenka, da baƙaƙe masu kyau. Ban da suna. Ka zo da ita aji, mu karanta tare, mu ga wa ke da igiya, wa ke da tsohuwar kujera, wa kuma zai ba da awa ɗaya ranar Juma'a bayan an sauko.